Na'Allah Dillali Ya Tafi Cinikin Sikolashif

A karar dabbobi ta Sabon Birni, wanda bai san fuskar Na'Allah dillali ba ya san muryarsa. Gajere ne mai faɗin ƙirji, hularsa kullum a karkace, kuma a faɗarsa tun da aka kafa Gobir ba a haifi mai iya ciniki kamarsa ba. Labarin da ya fi so shi ne na makahon jakin da ya sayar wa wani Buzu, har Buzun ya dawo bayan kwana uku yana cigiyarsa don ya yi godiya. Waɗanda suka ga dawowar Buzun sun ce da takobi ya zo.

Shekarar da fari ya maimaita, ruwa ya ɗauke gero yana iya gwiwa. Makiyaya suka riƙa koro shanu kara suna bayarwa a kan duk abin da aka taya, don kada su mutu a hannunsu. Inda mai kaya ke sallamawa tun kafin a taya, dillali ba shi da aiki. Sai Na'Allah ya koma teburin Ɗanmusa mai shayi, yana wuni yana ba da labarin cinikin da ya yi da wanda bai yi ba.

A gidansa akwai ƙanwarsa Fatu, wadda mijinta ya rasu, da 'yarta Kadijatu. Ana cikin wannan hali takarda ta zo wa Kadijatu daga wata kwalejin koyon aikin asibiti da ke bayan garin Isa. Ta karanta musu a tsakar gida.

"Kawu, sun yafe mini kuɗin makaranta da littattafai, don ni niz zo ta ɗaya ga jarrabawa. Amma abinci da wurin kwana mu za mu ɗauka. Sun ce ran Alhamis kwamiti za shi zauna, mai neman ƙari shi zo shi yi bayani. Na ma rubuta 'yar takarda."

"Karanta mu ji," in ji Na'Allah.

Layi huɗu ne kacal. Ubanta ya rasu, gonarsu ba ta ba da ko dami ɗaya ba, tana son karatun, in ba a taimaka da abinci ba za ta rasa gurbin.

Na'Allah ya girgiza kai kamar an nuna masa tunkiya mai zawo. "Wagga ai bara ta. Wa yat taɓa kai saniya kara yac ce, jama'a ku taimaka ku saya, yunwa muka ji? Kin zo ta ɗaya. Kaya mai kyau na hannunmu, su ka bukatarmu."

"Yaya, ɗiyata ba saniya ba ta," in ji Fatu.

"Ciniki duka ɗaya na. Aje takardar. Ni za ni kai ta, kuma ba abinci kaɗai ba, har kuɗin sabulu sai sun ƙara."

Fatu ta dubi 'yarta, 'yar ta dubi ƙasa. Yarinyar ba ta da wanda zai raka ta Isa sai shi, don haka suka yarda.

Kafin la'asar duk teburin shayi ya san shirin. Na'Allah ya miƙe ƙafa a benci yana bayani. Ya ce abu na farko, kada mai saye ya hango yunwa a idonka. Sannan dole a samu wani mai tayi na bogi a gefe, wanda zai nuna shi ma yana so. In duk wannan bai yi ba, sai ka ja kayanka ka kama hanya, kafin taku goma za a kira ka.

"Kai da ba ka wuce aji biyu ba, kai za ka yi gardama da firinsifal?" in ji Ɗanmusa yana fifita wuta.

"Aji biyu na da ya fi digirin yanzu."

"To wa za shi yi maka tayin bogi? Mu dai kwaleji ɗaya munka sani."

"Akwai ta Maraɗi."

"Wace?"

"Wadda za ni kafa yanzu," in ji Na'Allah, ya nuna Yero da baki.

Yero Bafillace ne dogo siriri, fari ya cinye masa garke sai saniya biyu da ke tsaye da ƙyar. Ya sha ƙetara iyaka da shanu, saboda haka Na'Allah ya yanke cewa ya iya Faransanci.

"Ni abin da jandarma ka ce mini kaɗai nis sani," in ji Yero. "Papiye, in takarda suka so. Ale, ale, in sun ce in wuce. Sai mushe."

"Mushe kuma?" in ji Ɗanmusa.

"Haka aka kiran babban mutum can."

"Ya isa," in ji Na'Allah. "Mutanen Isa ko wanga ba su sani ba. Kai ne wakilin babbar lakwal ta Maraɗi, hakanan suka ce ma makaranta can. Ka dai riƙa ɗaure fuska kana duban agogo."

"Ba ni da agogo."

"Ka dubi hannunka."

Yero bai yarda ba sai da aka yi masa alkawarin tuwo da nama a Isa.

Ran Alhamis da sassafe suka fito. Na'Allah ya aro babbar riga ta shadda wurin wani mahauci da ya fi shi tsawo da kamu biyu, tana share ƙasa a bayansa. Yero kuwa an samo masa kwat da wando wurin tela, na wani malamin makaranta da ya kai gyara bai dawo ba. Hannun kwat ya tsaya a gwiwar hannu, wandon ya tsaya a ƙwauri, ga takalman roba a ƙasa. Ya ƙi rabuwa da malfarsa, ya ce ko jandarma bai raba shi da ita ba. Matan unguwa suka leƙo ta katanga. Wata tsohuwa ta tambayi Fatu ko Yero ya shiga wasan tashe ne ba a cikin azumi ba.

Motar da suka samu akori-kura ce ɗauke da ɗanyun fatun shanu za ta Isa. Direba ya sa Kadijatu a gaba, su biyu suka hau kan fatu. Na'Allah ya ce ba komai, manyan mutane sun fi son iska. Da suka zo busasshen gulbi, mota ta nutse a yashi. Fasinjoji suka sauka turawa. Na'Allah ya ce rigarsa ba ta turin mota ba ce, amma zai ba da umarni. Ya tsaya daidai bayan taya ya ɗaga hannu.

"In nic ce uku, direba ka taka. Ɗaya, biyu."

Direba bai jira uku ba. Taya ta kwashi yashi ta watsa masa daga hula har ƙafa, har cikin bakin da ya buɗe zai ce uku. A daidai lokacin Yero ya duƙa ya tura da ƙarfinsa, wandon malamin makaranta ya yi wata ƙara ya rabe biyu ta baya. Daga nan har Isa, Yero da malfa yake rufe bayansa in zai yi tafiya.

Na'Allah ya ɗauka za a shigar da su ofis su uku, a rufe ƙofa. Ashe kwamiti a babban zaure yake zama, ƙofa a buɗe, iyaye da ɗalibai cike da benci suna jiran layi. A gaba akwai tebur, firinsifal Malam Lawwali a tsakiya, dattijo mai farin gemu da sanyin murya, ga wata malama mai gilashi a damansa, Malama Fadima. Shigarsu ke da wuya mutanen bencin baya suka fara toshe hanci, don warin fata ya riga su shiga.

Da aka kira Kadijatu, Na'Allah ya riga ta miƙewa. Ya tattare riga, ya taka gefen rigar, ya yi tuntuɓe ya dafa tebur, ya mayar da abin kamar gaisuwa ce.

"Ranka shi daɗe, ni na Na'Allah na Sabon Birni. Ka san sunan."

"Yau na fara ji," in ji Malam Lawwali. "Bismillah, muna saurare."

"To ga kaya. Ku dube ta da kyau. Ta ɗaya ta zo, ba ta biyu ba. Lafiyayya ta, ba ta tari, ba ta faɗa, ba ta taɓa ɓata ba. Kuma ba ta da ci. Loma uku ta ƙoshi."

"Ba ta da ci," Malam Lawwali ya maimaita yana rubutawa. "To ai ƙarin abinci na ji an ce kuna nema."

Aka fara dariya ƙasa-ƙasa. Kadijatu ta ja mayafi ta rufe rabin fuska.

"Ba nema muka yi ba," in ji Na'Allah. "Ciniki muka yi. Mi kunka taya?"

"Mun yafe mata kuɗin makaranta da littattafai."

"Albarka."

Malam Lawwali ya ajiye alƙalami, ya dube shi sosai. "Malam Na'Allah, tallafin abinci kaɗan ne, masu bukata da yawa. Sai mun san halin gida. Yaya gonarku ta yi bana?"

Nan ne wurin da ya kamata a faɗi gaskiya. Amma Na'Allah ya waiga ya hango wasu mutanen Kamarawa biyu da suka san shi a kara, sun zuba masa ido. Ya gyara hula.

"Fari bai san ƙofar gidana ba. Rumbu uku gare ni, cike, tun na shekaran bara ba a taɓa ba. Kaji ma gero suka ci gidana, ba dusa ba."

A shekarar nan, rumbu uku magana ce da ko hakimi ba ya faɗa da ƙarfi.

"Ma sha Allah," in ji Malam Lawwali. "Ka ga mu kuwa ɗalibanmu sau biyu suke ci yanzu. Mai rumbu uku ai ba zai ga haka ya ƙyale ba."

"Ko kusa. Ku aiko a ɗiba, mi aka yi da hatsi."

"Jama'a kun shaida."

"Mun shaida," in ji zaure baki ɗaya, har da masu tafi. Na'Allah ya ɗaga hannu yana amsa tafin. Sai da ya lafa ya tuna abin da ya kawo shi.

"Amma ku sani, ba ku kaɗai ka son yarinyar ga ba. Ga wakilin babbar lakwal ta Maraɗi, ya biyo mu tun daga gida. Sun ce abinci sau huɗu, da katifa, da keke. Mushe Yero, taso."

Yero ya taso a karkace, bayansa na bin bango, malfa a inda take aiki. Ya ɗaure fuska, ya dubi tsintsiyar hannunsa. Ya tsaya gaban firinsifal ya ce, "Mushe."

Wani tsoho a benci ya ce, "Subhanallahi, malamin yaka kira mushe?"

Malama Fadima ta cire gilashi, fuskarta ta washe. Ashe a Maraɗi ta yi rabin karatunta. Ta saki Faransanci kamar an buɗe famfo, doguwar magana mai tambaya a ƙarshe. Yero ya dubi Na'Allah. Na'Allah ya dubi rufin zaure.

"Papiye," in ji Yero.

Ta ƙara wata tambayar, ta fi ta farko tsawo.

"Ale, ale," in ji Yero.

Malama ta mayar da gilashinta, ta ce da Hausa, "Na tambaye ka sunan makarantarku ne, da sunan shugabanta."

Yero ya yi ajiyar zuciya. "Malama, ki ji tsoron Allah ki bar ni hakanan. Ni makiyayi na. Tuwo da nama anka ce za a ba ni." Ya ɗaga hannu biyu don ya rantse, malfa ta faɗi, bencin baya gaba ɗaya ya ga abin da take rufewa.

Dariyar da aka yi sai da ɗaliban wani aji suka fito leƙe. Malam Lawwali kansa ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na motsi. Na'Allah ya ga saura dabara ɗaya. Ya buga tebur.

"Tunda abin wulaƙanci na, mun fasa. Kadijatu, tashi mu tafi. Ku riƙe sikolashif ɗinku."

Ya juya ya nufi ƙofa, riga na shara, yana ƙirga taku a zuci. A taku na biyar ya rage sauri. A na goma ya tsaya ya gyara takalmi. Ba wanda ya kira. Ya fita fili, ya yi tari mai ƙarfi don a san inda yake. Ya ci gaba har bakin get, yana tafiya kamar mai taka ƙaya. Can ya waiga, sai ya ga ba ma kowa a bayansa. Kayan da ya ja bai biyo shi ba.

Komawa ciki faɗuwar daraja ce, tafiya gida kuma ba kuɗin mota, suna wurin Kadijatu. Ya tsaya a rana. Maigadi ya tambaye shi ko yana jiran wani ne.

"Su ka jirana," in ji Na'Allah.

A cikin zaure kuwa, Kadijatu ta miƙe. Ta kwance bakin mayafi ta fito da takardarta mai layi huɗu.

"Malam, ku yi haƙuri da kawuna. Shi yar riƙe mu tun rasuwar babana, bai taɓa barin mu mun kwana waje ba. Amma rumbunmu ɗaya na, kuma babu komi ciki. Ga abin da nir rubuta."

Malam Lawwali ya karanta, ya miƙa wa Malama Fadima. Ta yi wa Kadijatu tambayoyi uku a kan jarrabawar, ta amsa duka ba gargada. Kwamiti ya haɗa kai na ɗan lokaci, sannan aka ce an ƙara mata abinci da wurin kwana, muddin ba ta sauka daga sahun gaba a aji ba. Malama ta sa aka kai Yero kicin, aka ba shi tuwo, aka kuma ara masa zane ya ɗaura a kan wando.

Sai bayan azahar suka fito suka tarar da Na'Allah a gindin get, gumi ya haɗu da yashi ya yi masa taɓo a wuya.

"Sun aiko ki kirana?"

"A'a, Kawu. Sun dai ba ni."

Ya miƙe ya karkaɗe riga. "Kin gani? Tafiyar nan da niy yi ita tar razana su. Yero, ka ci nama?"

"Babu nama. Amma miyar ta yi daɗi."

Kwana huɗu Na'Allah yana riƙe da teburin Ɗanmusa. A bakinsa, firinsifal har get ya biyo shi ba takalmi yana roƙo. Yero na zaune yana ji, in an tambaye shi sai ya ce shi yana kicin lokacin. Kadijatu ta haɗa kayanta ta koma Isa ran Lahadi.

Ran Talata da hantsi wata babbar mota ta tsaya a bakin teburin shayi. Wani mutum mai littafi a hammata ya sauko, ya ce shi ne Kalilu mai kula da siton kwaleji, sun zo Sabon Birni ɗaukar masarar agaji, firinsifal ya ce su biya gidan Alhaji Na'Allah mai rumbu uku. Bayan motar cike da buhunan da babu komai ciki.

Ɗanmusa ya waiga inda Na'Allah yake zaune, sai kofin shayi yana tururi. Ya kashe wuta ya ce, "Ku zo in kai ku. Yau ba ni sayar da komi."

Rabin kasuwa ta bi motar. Na'Allah kuwa ya bi ta lungu ya faɗa gida yana haki, ya ce wa Fatu in an zo ta ce ya tafi Gatawa. Ya duba ɗaki, ba wurin ɓuya. Ya kafa tsani a jikin rumbu, ya ɗaga murfin ciyawa, ya dira ciki, ya jawo murfin.

Kalilu ya yi sallama, jama'a suka cika ƙofar gida da kan katanga.

"Maigidan na nan?"

Fatu tana tankaɗen dusa, ba ta ɗago ba. "Ya ce in ce ya tafi Gatawa."

"To ina rumbunan?"

"Ga wanda nis sani. Sauran biyun shi kaɗai ka ganinsu."

"Akwai abu ciki?"

"Da safe dai babu. Yanzu ban rantse ba."

Kalilu ya hau tsani ya ɗaga murfi, ya leƙa. Ya daɗe yana leƙe. Sannan ya juyo ga jama'a.

"Akwai. Amma buhu ɗaya ba zai ɗauke shi ba."

Daga cikin rumbu wata murya ta fito tana amsa kuwwa. "Gara nika dubawa. Gara ta cinye hatsin duka, jiya-jiyan nan."

"Har da rumbu biyu ta cinye?" in ji Ɗanmusa daga kan katanga.

"Ba ka san garar bana ba."

Mutane suka riƙa hawa tsani ɗaya bayan ɗaya suna gaishe shi da aiki. Tsohuwar nan ma sai da aka riƙe mata tsani ta leƙa. Kalilu ya zaro wasiƙa ya ce firinsifal ya umarce shi ya karanta a gaban mai kyauta, ya karanta ta cikin bakin rumbu, godiya ce tun daga sama har ƙasa. Ya ninke ya jefa masa, ya sauka, mota ta tafi ɗaukar masararta.

Sai dai shiga rumbu da fita ba ɗaya ba ne. Cikinsa sumul yake, bakin ya fi ƙarfin tsallen gajeren mutum. Fatu ta ji yana tsalle yana faɗowa, ta ci gaba da aikinta. Da ta ce ko a miƙo igiya, ya ce shi bai gama duba gara ba. Jama'a suka watse, rana ta take, yumɓu ya ɗauki zafi. Aka yi azahar. Fatu ta dama kunun dusa, ta zauna a inuwar rumbun tana sha, ludayi na buga ƙwarya.

Can sai muryar ta fito, ƙarama, ba irin ta kara ba.

"Fatu."

"Na'am, Yaya."

"Yunwa nika ji."

Ta ajiye ludayi, ta tashi ta kwance igiyar guga. "Da haka kac ce a Isa," in ji ta, tana hawa tsani, "da tun ran Alhamis kowa ya huta."